Shekarar da Na Goge Zanen Inna

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙon Ya tsare alƙalamina daga ƙari, Ya tsare shi daga ragi.

'Ya'yana, na ji yadda kuke ba da labarin hoton kakarku da ke rataye a falo. Ranar sunan ɗiyar Sa'adu ina zaune a zaure na ji ɗayanku yana gaya wa baƙi wai Inna ta bi ni da muciya har bakin masallaci saboda wannan hoto. Aka yi ta dariya, ni ma na taya, don ba a gyara wa mutum zance a gaban baƙinsa. Amma kwana uku abin yana cina. Inna Delu ba ta taɓa ɗaga mini muciya ba, ko murya ba ta taɓa ɗaga mini ba, kuma ba na son in tarar da ita gobe da wannan ƙazafi a kanta alhali ina da bakin wanke ta. Don haka ga yadda aka yi.

Kun san tsohuwar kyamarata ta katako, mai ƙafa uku da baƙin zane, wadda kuke kira akwatin gawa in kun ga ba na kusa. A hannun maigidana na gaje ta, wanda ya ɗauke ni koyon aiki bayan na bar lekol, makarantar boko, a aji shida. Fim ɗinta ba naɗi ba ne, falle-falle ne, kowane falle ya kai tafin hannu biyu in an haɗa, kuma hoto ɗaya tak yake ɗauka. Za ka shiga ƙarƙashin zanen ka ga mutum a jikin gilashi, kansa a ƙasa, ka yi ta murɗawa har ƙwayar idonsa ta fito tar. Sai ka rufe idon kyamarar, ka zura gidan fim, ka zare murfinsa. Daga wannan lokaci ba ka ƙara ganin komai a gilashi. In mutum ya gusa da faɗin yatsa, sai a ɗakin duhu za ka sani, bayan ya tafi gidansa. Mutum irina, wanda kan dawo daga bakin titi sau biyu ya duba ko ya kulle ƙofa, bai kamata a ce wannan ce sana'arsa ba. Amma ita Allah Ya ba ni, da ita na ciyar da ku.

Abin da aka fi sanina da shi a unguwarmu ta Zongo, nan Kutonu, kuwa gyara ne. In an wanke fim ya zama dodon hoto, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, sai in ɗora shi a kan gilashi a bakin taga, in shafa masa ɗan mai don fensir ya kama, in fiƙe fensirin ya yi tsinin allura. Ƙuraje, tabo, tamojin tsufa, duk sai in bi su ɗigo-ɗigo in cike, har fuska ta yi sumul. Haka maigidana ya koya mini, yana cewa mutum bai zo wurinka don ka nuna masa abin da madubinsa ke nuna masa kyauta ba. Mata masu zane a kumatu sukan raɗa mini tun kafin su zauna, “Malam, a ɗan rage.” Tun ina tambaya har na daina. Duk fuskar da ta zo gabana, hannuna kan kama aikinsa da kansa.

A shekarar da nake ba ku labari wayoyi sun riga sun cinye rabin sana'ar. Sai alhazai da amare masu son babban hoto na bango ke zuwa, fim ɗin ma sai wani akawun kanti a kasuwar Ganhi ya sa an sako mana shi cikin kayansu, sau ɗaya ko biyu a shekara. Iyakar sanina mu biyu muka rage da irin wannan akwati, ni da Lasisi, Bayerabe mai shago a unguwar Saint-Michel, wanda muka yi koyon aiki tare. Kowace Lahadi bayan la'asar nakan hau zemijan, babur ɗin haya, da aikin mako a cikin ambulan in tafi wurinsa. Mu baje hotuna a tebur, shi ya kama nawa, ni in kama nasa. Doka ɗaya gare mu: mai hoto ba ya buɗe baki sai mai suka ya gama. Lasisi ba ya da tausayi. Yakan ɗaga hoton wani alhajin da na sha wahala a kansa ya ce, “Hanci ya fito, kunne ya tafi Legas.” Ko ya ce na bar hannun amarya ya fi kanta girma, a kai ta dambe. Ni kuwa in na ga aibu a nasa sai na yi ta kewaye-kewaye, ina tsoron kada in zalunce shi, har ya gaji ya faɗa da kansa. Duk da haka ban taɓa dawowa daga wurinsa ban ƙaru ba.

Lasisi ya san Inna, don yakan zo gidanmu da salla. Ita Bagobira, shi Bayerabe, kun san wasan da ke tsakaninsu. Daga bakin ƙofa yake fara kiran “Ina baiwata?” ita kuma ta ce a ba bawan nan ƙanzo ya tafi. Ni kuwa shekara talatin da ɗoriya ina auren uwarku, goma sha biyu daga ciki Inna tana gidanmu, ban taɓa kallon tsakiyar fuskarta ba. Ku yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon talabijin, ban ce laifi ba ne, amma mu ba haka muka tashi ba. In na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a tabarma. Na san ƙafafunta sarai, na san duk takalman da ta taɓa sawa. In tana da magana da ni sai ta gaya wa uwarku, ko da ina tsaye a wurin, ni ma haka. Na san tana da zane irin na mutanensu, amma sanin wutsiyar ido ne.

Inna ta zo Kutonu tana yarinya. Gwaggonta, matar wani falke, ta ɗauko ta riƙo daga wani ƙauye kusa da Tibiri. Gwaggon ta rasu, masu zuwa da komowa suka ƙare, zumunci ya yanke. Inna ta baro ƙane guda a ƙauyen, Nomau, bai kai shekara shida ba, kuma ta daɗe da sa shi cikin waɗanda take yi wa addu'ar rahama. Sai ga Alhaji Mamman, direban kamyo, babbar motar da ke kai kaya Maraɗi daga tashar jirgin ruwa, ya shigo gidanmu wata Laraba ya ce ya gano shi. Yana raye, ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Alhaji Mamman ya haɗa su a waya, amma tsohon bai gamsu ba. Ya ce muryar tsofaffi duk iri ɗaya ce, kuma wannan Hausar tata ta gauraye da yaren bakin teku. Aka nuna masa hotonta na katin ɗan ƙasa a waya, ya ce shi ba ya ganin komai a wannan ɗan gilashi. A kawo masa fuskarta babba, a takarda, wadda zai riƙe a hannu. In yayarsa ce zai sani, in ba ita ba ce a daina tayar masa da hankali. Motar za ta koma ranar Talata.

Inna ba ta son hoto. Ban da na katin ɗan ƙasa, wanda aka yi mata dole, ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Uwarku ta yini tana lallashi. Da yamma Inna ta ce:

“Ki gaya wa mai hoto, wallahi zama ɗaya zan yi. In ya samu, to. In bai samu ba, ya jira Nomau ya warke ido.”

Ranar Alhamis da hantsi na kafa akwati a tsakar gida, a inuwar bango, inda haske ke zuwa daga gefe ɗaya. Na share idon kyamarar sau uku. Na loda falle biyu, don ban taɓa yarda da guda ba. Uwarku ta riƙe farin zanen gado daga ɗaya gefen don ya mayar da haske a kuncin da ke cikin duhu. Inna ta fito da farin mayafinta na Makka ta zauna a kujera, taku uku tsakanina da ita.

“Rabi,” na ce, “ki ce wa Inna ta ɗan ɗaga haɓa.”

“Inna, wai ki ɗaga haɓa.”

“Na ji shi, ni ba kurma ba ce. Ki tambaye shi har ina.”

“Malam, wai har ina?”

“Ki ce mata haka ya isa, Allah Ya saka da alheri.”

Na shiga ƙarƙashin zane. A nan ne na fara ganin fuskar surukata, kuma kanta a ƙasa. Na yi istigfari, don ban san hukuncin wanda ya juya uwar matarsa haka ba, ko da a gilashi ne. Na murɗa har idanunta suka fito, idanu masu kaifi irin na uwarku in an yi mata ƙarya. Hasken gefe ya tono duk wani layi da ke fuskar, zane da tamoji sun sarƙe har ba ka rabewa. Zuciyata ta ce, akwai aiki a nan. Na fito ina gumi, na rufe, na zura fim, na roƙa ta bakin uwarku kada a motsa, na danna. Ina juya gidan fim don falle na biyu, sai na ji ƙarar kujera. Inna ta miƙe.

“Ki ce masa an yi zama ɗaya.”

Ta shige ɗaki. Na ajiye falle na biyu, don ta rantse, kuma ba ni zan sa tsohuwa kaffara ba.

Da na wanke, Allah Ya taimake ni, ba ta motsa ba. Na ɗaga dodon a haske na ga ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba. Sai na ce a raina, wannan ita ce damar da zan girmama Inna da abin da na fi iyawa. Ta riƙe mini yara, ta sha rufa mini asiri a wurin uwarku, kuma hoton zai je garinsu ne, a gani a ce ɗiyarsu tana cikin daɗi a Kutonu. Juma'a bayan an sauko da yinin Asabar duka ina bakin taga da fensir. Na cike tamojin goshi, na cike na gefen ido, na bi layukan kumatu ɗaya bayan ɗaya na shafe su. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ba. Ni da nakan tambayi kaina ko na yi wa mai zemijan sallama da kyau. Da na buga shi a babbar takarda, sai ga wata hajiya mai kamar shekara arba'in, fuska kamar an goge tangaran. Na ji daɗi ƙwarai.

Ranar Lahadi na ajiye shi a teburin Lasisi na harɗe hannu. Ya sa tabarau, ya kai shi bakin ƙofa, ya daɗe yana kallo.

“Haske ya yi,” ya ce. “Ido ya fito, har bangon gidanka nake gani a ciki. Hannayen ma ka ajiye su daidai, abin da ba halinka ba. Saura tambaya ɗaya. Wace ce?”

Na karya doka. Na ce, “Inna ce mana.”

“Wace Inna? Baiwar da na sani tana da shaida a kumatu. Kakannina sun sha wahala suka yi wa Gobirawa alama don kada su ɓace mana a kasuwa, kai kuma ka zo da fensir ka 'yanta ta ba shawara?”

Na yi ƙoƙarin dariya, na ce ai haka mata ke so, shi ma ya sani, shi ma yana yi. Ya ce yana yi, ga wadda ta roƙa. Sai ya cire tabarau ya zauna.

“Isiyaku, wa za a kai wa hoton nan?”

“Ƙanenta.”

“Yaushe rabonsa da ita?”

“Tun suna yara.”

“To bai san mayafinta ba, bai san tsufanta ba, bai san wannan hajiyar da ka ƙera ba. Yarinya ya sani. Mene ne ya rage na yarinyar nan a fuskar tsohuwa, wanda shekaru ba su canza ba?”

Ya sa yatsa a nasa kuncin, a kan zanen gidansu guda uku. Ban san lokacin da na mayar da hoton cikin ambulan ba. Nasa hotunan ko kallonsu ban yi ba ranar. A kan zemijan ina ta gaya wa kaina wataƙila Lasisi ya cika tsanani, wataƙila Inna za ta so shi haka, tunda mace ce.

Na tarar da su a tsakar gida ana tsintar shinkafa. Na miƙa wa uwarku, ta buɗe, ta dube ni, ta miƙa wa Inna. Inna ta nisanta shi da ido, ta matso da shi.

“Tubarkalla,” ta ce. “Kyakkyawa. Ɗiyar wa ce?”

“Inna, ke ce fa.”

“In ni ce, a nemo mini miji.”

Matan gidan suka fashe da dariya, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Inna ba ta yi dariya ba. Ta kife hoton a cinyarta, ta jira aka yi shiru. Abin da ta yi bayan nan bai taɓa faruwa ba a gidan. Ta yi magana da ni kai tsaye.

“Mai hoto. Bakwai ne a hagu, shida a dama. Na biyar ɗin hagu ya katse a tsakiya, uwarmu ta ce atishawa na yi a hannun wanzami. A kumatuna Nomau ya koyi ƙirga. Kullum in na goya shi na sauke, sai ya sa yatsa yana bi, in ya zo na biyar ya tsallake ramin yana dariya. Shi yake nema. Ban faɗa ba don na ɗauka akwatinka abin da ya gani yake bayarwa.”

Ina durƙushe, ido a ƙasa. Na ce akwatin bai yi laifi ba, ni ne. Ta ce ta sani. Ta ce zama kuwa ba ta ƙarawa, ta riga ta rantse.

Hanya uku ke gabana, na kuma auna kowace har na gaji. In aika da hoton a yadda yake, tsoho ya ce ba ita ba ce, zance ya mutu. Ko in bi shawarar uwarku, wadda ta ce tunda fensir ya cire, fensir ya mayar, in zana layukan a kan takarda kawai. Wannan na ƙi, ko da yake shi ya fi sauƙi. Zanen da na zana nawa ne, kuma ba zan aika wa mai hazon ido shaidar da na ƙaga da hannuna ba, ko da a kan gaskiya ce. Ta uku ita ce in wanke fensirin daga jikin dodon da auduga da man da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Ana yi, amma fim ɗin ya kwana biyu a ajiye, iskar teku ta sa fatarsa ta yi laushi. Na taɓa gwadawa da na wani ango, fatar ta saluɓe ta biyo audugar, rabin fuskarsa ya tafi. Wannan kuwa falle ɗaya ne a duniya. In ya saluɓe, ba na gaskiya, ba na ƙarya.

Litinin da safe ina buɗe shago sai ga Lasisi ya sauka daga zemijan, ba wanda ya kira shi. Ya ce ya zo duba lafiyar dukiyarsa ne. Ya wuce cikin gida, ya ja kujera kusa da ƙofar Inna, suka kama wasan nasu.

“Baiwata, an ce jiya kin koma budurwa.”

“Da ka zo jiya da na ɗauke ka ɗan riƙon jaka.”

Ina jin su ta taga. Na gane don ni yake yi, don kada gidan ya yi shiru a kaina. Na yi bisimilla, na jiƙa auduga, na matse ta har ta kusa bushewa, na fara daga gefen mayafi inda in an yi ɓarna ba za ta kashe ba. A shafa ta biyu wani ɗan tsakuwa da ya maƙale a audugar ya ja layi a kusurwa. Shi ne wannan siririn layin da kuke gani a saman kafaɗarta ta dama, wanda kuke cewa tsagewar gilashi ce. Na ajiye komai na fita na sha ruwa. Na sake sabuwar auduga, na tsince ta zare-zare, na koma. Goshi, gefen ido, kunci. Aikin yini biyu ya narke cikin abin da bai kai dahuwar shayi ba, fatar kuwa ta tsaya. Na buga sabo, tun bai gama bushewa ba na fito da shi a kan katako.

Lasisi ya duba ya ce, “Yauwa, ga kayana sun dawo.” Uwarku ta ce shi ke nan, a sa a ambulan. Amma ni hankalina bai kwanta ba. A kuncin hagu na ga layi biyu masu katsewa, na biyar da na shida. Inna guda ta faɗa. Ko ta manta ne, ko ragowar fensirina ce ta maƙale a ramin layin, ban sani ba, kuma a jikin dodo ba a rabewa. Na gaya wa uwarku ta duba fuskar Inna ta gaya mini. Ta duba, ta dubi hoton, ta ce ita duk layuka take gani, ba ta san wanne ne zane wanne ne tsufa ba. Lasisi ya ce shi tabaransa na kusa ne, kuma ba ya matsawa kusa da Bagobira kada ta cije shi.

Inna ta tura mayafinta baya, ta juya kuncinta wajen haske.

“Mai hoto, ɗago kai ka ƙirga.”

Na ce wa uwarku ta ce mata ba zan iya ba.

“Ba da Rabi nake ba. Ka gan ni kaina a ƙasa, yanzu ka gan ni a daidai. Kai ka ɓata, kai za ka duba.”

Ban san wanda ya gaya mata yadda gilashin ke nuna mutum ba, ina zargin Lasisi. Na matso a durƙushe, hoton a hannun hagu, na ɗaga ido. Gumi yana shiga mini ido, amma na ƙirga a fili kamar ɗan aji ɗaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na biyar ya katse a tsakiya, faɗin ƙwayar gero. Na shida ya tafi ɗoɗar daga gefen baki har kusa da kunne, ba inda ya tsaya.

“Na shida lafiyarsa lau,” na ce. “Fensir ne.”

“To je ka cire kayanka daga fuskata.”

Na naɗa auduga a kan tsinken ashana na ɗauke wannan ɗigo, na buga na uku. Wannan karon na kai mata da hannuna. Ta daɗe tana kallo, ta ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya mata. Lasisi ya ce yanzu da ya sake dubawa, kunnen dama ya ɗan yi laushi, amma tunda kunnen Bagobira ne ba ya jin magana dama, a bar shi. Talata da sassafe na kai wa Alhaji Mamman tsakanin kwali biyu, na ɗaure da zare, na bi shi har bakin mota ina roƙon kada ya ajiye shi kusa da inji.

A cikin kwanakin jiran ne na yanke shawarar da kuka daɗe kuna ce wa taurin kai. Na daina taɓa fuskar mutum da fensir sai in shi ya roƙa da bakinsa, in kuwa zane ne, sai na tambaye shi wa zai ba hoton, wa zai gada. Mutane ba su son tambaya. Amare suka koma wurin masu kwamfuta, inda ake yi musu fari da sumul ba a ce komai ba. Cikin shekara guda na raba shagon biyu na ba mai sayar da katin waya rabi, kuma wannan ne ya sa ba a yi benen da na yi wa uwarku alkawari ba. Ta yi mini gori, tana da gaskiya. Nakan kwanta in auna ko na cuce ku, har yau nakan auna. Amma duk lokacin da na ɗauki fensir na nufi kuncin wani, sai in ga ban san abin da nake shirin gogewa ba, hannun ya ƙi.

Mako uku motar ta yi. Alhaji Mamman ya shigo da azahar, ko wanka bai yi ba, ya zauna a tabarma aka ba shi ruwa. Inna tana bakin ƙofarta tana jan carbi kamar ba ita ake zo wa ba. Ni ina tsaye, na kasa zama.

Alhaji Mamman ya ce tsohon ya karɓi hoton ya fita da shi rana. Ya kawo shi dab da hancinsa, ya sa yatsa a kuncin dama ya bi layuka shida. Ya koma na hagu. Da ya zo na biyar sai yatsan ya tsaya, ya ɗaga, ya sauka a ɗaya gefen. Ya sake komawa daga farko, ya sake yin haka. Sai ya ce a kawo masa abin zama. Mutanen gidan suka taru a kansa.

“Daga nan ya ce me?” in ji uwarku.

“Ya ce, Delu ce. Ku gaya mata ta tsufa ƙwarai.”

Carbin ya tsaya a hannun Inna. Ta ja gefen mayafi ta goge ido, ta ƙara gogewa.

“Shi da ba ya gani ne zai ce na tsufa,” ta ce. “Alhaji, yaushe motarka za ta koma?”

“Ranar Asabar, Inna, in an gama lodi.”

“Rabi, a wanke mini zannuwa. Kai kuma ka share gaban mota, ni ba na hawa kan buhuna.”